Anna Rogstad: mace ta farko a majalisar dokokin Norway

An haifi Anna Rogstad a ranar 26 ga watan Yulin 1854 a yankin Nordre Land na ƙasar Norway. Malamar makaranta ce da ta daɗe tana koyarwa a Kristiania, birnin da a yau ake kira Oslo, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nema wa mata 'yancin kaɗa ƙuri'a a 1885.

A 1907 aka ba wa mata wannan 'yanci, amma sai masu wani adadi na kuɗin shiga. Bisa tsarin ƙasar, akan zaɓi ɗan majalisa tare da mataimakin da zai riƙe kujerarsa idan ba ya nan. A zaɓen 1909 Rogstad ta zama mataimakiyar Jens Bratlie, a ƙarƙashin wata jam'iyya mai sassaucin ra'ayi.

Ta wannan ƙofa ce ta shiga zauren majalisar Storting a ranar 17 ga watan Maris na 1911, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba. Da Bratlie ya zama firaminista a 1912, ita ta ci gaba da zama a kujerarsa.

A 1913 dukkan matan Norway suka samu 'yancin zaɓe. Rogstad ta koma jam'iyyar ma'aikata mai aƙidar gurguzu a 1917, ta kuma rasu a 1938 tana da shekara 84.