Charles Spurgeon da Jinyar Matarsa

An haifi Charles Spurgeon a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1834. Yana da shekara 19 aka kira shi ya zama fasto a birnin Landan, sunansa kuwa ya kai ko'ina saboda wa'azi. Amma zamansa na gida za mu duba yau.

A 1856 ya auri Susannah Thompson, cikin shekarar nan kuma ta haifa masa tagwaye maza. Daga baya ciwo ya shiga cinta sannu sannu, har wajen 1868 ya kwantar da ita. Wani babban likita, James Simpson na Edinburgh, ya yi mata aiki. Ta sami sauƙi kaɗan, amma ciwon bai rabu da ita ba. Shekaru da yawa dubban mutane suna taruwa su ji mijinta, ita kuwa tana kwance a ɗaki.

Sa'ad da ake sabunta gidansu, shi da kansa ya shirya mata ɗakinta. Ya sayi wani tebur wanda ake ɗagawa a sauke, a kuma juyo shi bisa gado, domin ta yi karatu da rubutu tana kwance. Ya sa aka jawo mata ruwan zafi da na sanyi har cikin ɗaki. Ƙananan abubuwa ne, amma duk wanda ya taɓa baro rumfarsa a Kasuwar Jalingo da rana tsaka domin ya je ya juya majinyaci a shimfiɗa, ya san ƙimarsu. Shi ma ba lafiyayye ba ne, gama ciwon gaɓoɓi mai tsanani yakan kā da shi, har yakan tafi Menton ta Faransa lokacin sanyi. Ba ta iya binsa, sai wasiƙunsa suke zuwa mata a kai a kai.

A ganina, babbar hikimarsa ta bayyana a 1875. Ya ba ta sabon littafinsa na koyar da masu wa'azi ta duba. Da ta nuna marmarin kowane fasto a Ingila ya sami ɗaya, sai ya tambaye ta nawa za ta bayar. Bai ɗauke ta kamar wadda amfaninta ya ƙare ba. Ta tattara 'yan kuɗin da ta daɗe tana ajiyewa, suka isa littattafai 100. Daga nan aikin ya haɓaka, tana bi da shi daga ɗakin jinya, har ta raba wa fastoci matalauta littattafai kusan 200,000.

A watan Oktoba na 1891 ta sami ƙarfin raka shi Menton. Can ita ce ta zama mai jinya. Suka yi wata uku tare, ya rasu ran 31 ga Janairu 1892, yana da shekara 57. Ta ci gaba da rabon littattafan har rasuwarta a 1903.