Frank Marshall: Ya Sha Kaye, Amma Sunansa Ya Ɗore

An haifi Frank Marshall a birnin New York a 1877, kuma shi ne zakaran wasan dara na chess a Amurka daga 1909 zuwa 1936. A gasar New York ta 1918, ya tari José Raúl Capablanca, ɗan ƙasar Kyuba, da salon buɗe wasa da ba a saba gani ba: ya sadaukar da soja guda tun da wuri domin ya far wa sarkin abokin karawarsa. Capablanca ya cinye sojan, ya jure matsin, ya yi nasara. Marshall ya mutu a 1944, amma har yau ana kiran salon da sunansa, kuma manyan gwanaye da dama kauce masa suke yi.