Jackie Robinson, Mai Lamba 42

A wannan makon mun kawo muku tarihin Jackie Robinson, wani baƙar fata ɗan Amurka da ya yi suna a wasan besbol.

Mu a Gwandu da Kalgo ƙwallon ƙafa da kokawa da dambe muka sani, don haka bari mu fara da bayanin wasan. Mutum ɗaya yake jefo ƙwallo, abokin hamayya ya maka mata sanda, sannan ya ruga ya taka zango uku ya dawo inda ya fara. In ya dawo lafiya, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. Akwai masu tsaron zangunan, waɗanda suke cafke ƙwallon su aika ta zango kafin mai gudu ya isa. Wannan tsaron shi ne aikin Robinson, kuma gwani ne wajen bugu da gudu.

An haife shi ranar 31 ga Janairu, 1919, a jihar Jojiya. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsu ya tafi ya bar su, sai mahaifiyarsu ta kwashe su zuwa Kalifoniya, ta rene su da aikatau a gidajen mutane.

A zamanin, wariyar launin fata ta yi tsanani a Amurka. A 1944, yana soja, direban wata bas ya umarce shi ya koma kujerar baya saboda shi baƙi ne. Ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, amma ta wanke shi.

Haka abin yake a besbol. Baƙaƙe suna da tasu gasar daban, kuma an yi fiye da shekara 60 ba a ga baƙar fata a babbar gasa ba. A 1945 shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, Branch Rickey, ya ɗauki Robinson bisa sharaɗi ɗaya: ko an zage shi, ko an cuce shi, kada ya rama. Dalili kuwa, da ya yi faɗa sau ɗaya, da an samu hujjar rufe wa sauran baƙaƙe ƙofa.

Bayan shekara ɗaya a ƙaramar ƙungiya a Kanada, ya shiga fili da rigar Dodgers ranar 15 ga Afrilu, 1947. 'Yan kallo suka yi ta zaginsa. Aka aiko masa da wasiƙun barazanar kisa. Wasu 'yan wasa sukan taka shi da takalmi mai ƙusoshi. Ya danne zuciyarsa ya ci gaba da wasa. A ƙarshen shekarar aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa. A 1949 ya zama gwarzon gasarsu baki ɗaya, a 1955 kuma Dodgers ta ɗauki babban kofi. Ya ajiye wasa bayan kakar 1956, ya shiga fafutukar ƙwato wa baƙaƙe 'yanci. Ya rasu ranar 24 ga Oktoba, 1972, yana da shekara 53.

Abin da ya fi burge mu shi ne, mutumin da bai ji tsoron kotun soja ba, ai ba tsoro ne ya hana shi ramuwa a fili ba. Ya san abin da yake nema, kuma ya san ba shi kaɗai zai amfana ba. Mu kuwa sau nawa muke tayar da rigima a wasan aji da aji saboda baƙar magana ɗaya, har a tashi ba a gama ba?

A 1997 aka daina bai wa sababbin 'yan wasa lambarsa, 42, a duk ƙungiyoyin babbar gasar don girmama shi. Amma duk ranar 15 ga Afrilu, kowane ɗan wasa ita yake sakawa. Mahaƙurci mawadaci.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.