Jan van Eyck, mai zanen allon bagaden Gent

An haifi Jan van Eyck wajen shekara ta 1390, a wani zamani da majami'un yankin Filandas, a ƙasar Beljiyam ta yau, ke ƙawata bagadensu da alluna masu ƙofofi, wasu na sassaƙen itace, wasu kuma na zane, domin masu ibada su ga labaran Linjila da idanunsu.

Ya fara yin suna ne a birnin Hague, kafin a shekara ta 1425 ya shiga hidimar Philip, mai mulkin Burgundi, wanda ya amince da shi ƙwarai, har ya tura shi Portugal a 1428 domin ya zano masa fuskar gimbiya Isabella da yake neman aure.

To sai dai aikin da ya ɗaukaka shi shi ne allon bagaden birnin Gent, wanda attajiri Joos Vijd da matarsa suka biya kuɗinsa. Ɗan'uwansa Hubert ne ya soma aikin, amma ya rasu a 1426, Jan kuma ya kammala shi a 1432, kuma har yau masana na taƙaddama a kan inda hannun wannan ya tsaya da inda na wancan ya fara. A ranakun aiki allon a rufe yake, sai ranakun idi ake buɗe shi, jama'a su ga Ɗan Rago a tsaye bisa bagade, jininsa na zuba cikin ƙoƙo, alamar hadayar Almasihu a aƙidar Kirista. Ba Jan ne ya ƙago fenti mai haɗe da mai ba, kamar yadda aka daɗe ana faɗa, amma ya iya shimfiɗa shi hawa-hawa har ana iya gane irin furannin da ke cikin ciyawa.

Ya rasu a birnin Bruges a 1441. Allon kuwa ya sha wuya a bayansa: an ɓoye shi daga masu farfasa siffofi a 1566, sojojin Faransa sun kwashe tsakiyarsa zuwa Paris a 1794, 'yan Nazi kuma sun adana shi a ramin haƙar gishiri a Ostiriya har 1945. Wani ɓangarensa da aka sace a 1934 har yanzu ba a gano shi ba.