Halifa Mustansiru, Mai Makarantar Bagadaza

Yau ga labarin Halifa Mustansiru Billahi, ɗaya daga cikin sarakunan Abbasiyawa na Bagadaza. Sunansa na yanka Mansuru, alkunyarsa Abu Ja'afar. Ya gaji mahaifinsa Halifa Zahiru a shekara ta 623 ta Hijira, watau 1226.

A zamanin nan galibin makarantun birnin kowace da mazhabarta, har Nizamiyya mai suna ta Shafi'awa ce. Sai Halifa ya ƙudura gina gida ɗaya wanda zai tara mazhabobi huɗu. Aka sa harsashi a bakin kogin Dijla cikin 625, aka buɗe cikin 631, aka kira ta Mustansiriyya. Malikawa, Hanafawa, Shafi'awa da Hambalawa, kowa da zaurensa.

Abin lura shi ne, bai buɗe ƙofa kowa ya tuɗaɗo ba, sai da ya ƙidaya. Kowace mazhaba an yanka mata ɗalibai 62, jimla 248, da babban malami guda da mataimaka 4 masu maimaita karatu. Ashe kowane mataimaki bai wuce ɗalibi 16 ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban allo ɗari shi kaɗai, har hantsi ya dubi ludayi bai gama biyawa ba, ya san darajar wannan lissafi. Shehin hadisi kuwa mutum 10 aka ba shi, malamin likitanci ma 10, ga kuma makarantar Alƙur'ani ta marayu. Aka yi wa gidan waƙafi mai yawa, aka yanka wa kowa gurasa da nama da kuɗin kashewa, don kada neman abinci ya raba ɗalibi da littafi.

Gaskiya dai guraben nan kaɗan ne ga birni kamar Bagadaza. Amma wanda ya samu shiga, malaminsa ya san fuskarsa.

Halifa ya rasu cikin 640, watau 1242, Allah ya jiƙansa. A hannun ɗansa Musta'asimu ne Hulaku ya ci Bagadaza cikin 656. Makarantar ta tsira, har Ibnu Baɗuɗa ya tarar ana karatu a cikinta cikin 727, malami na zaune cikin baƙaƙen tufafi, mataimaka biyu dama da hagu suna maimaita abin da ya faɗa. Ginin yana nan tsaye har yau.