Samuel Colt

Samuel Colt (19 ga Yuli, 1814 – 10 ga Janairu, 1862) ɗan kasuwa ne kuma mai ƙere-ƙere ɗan ƙasar Amurka, wanda ya kafa kamfanin ƙera bindigogi na Colt a garin Hartford da ke jihar Connecticut. An fi saninsa da ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, wadda Hausawa ke kira libarba. Wasu sun riga shi tunanin irin wannan bindiga, amma a hannunsa ne ta zama makamin da ake dogara da shi, kuma shi ya fara ƙera ta dubbai da injina. Bindigar da ta fi ɗaukaka sunansa, wato Single Action Army ta 1873, ta fito ne shekara 11 bayan mutuwarsa.

Farkon rayuwa

An haife shi a Hartford. Sunan mahaifinsa Christopher Colt, mahaifiyarsa kuma Sarah Caldwell, wadda tarin fuka ya kashe tun yana ƙaramin yaro. Yana ɗan shekara 11 aka kai shi aikin gona a Glastonbury, daga baya ya koma masaƙar mahaifinsa a garin Ware na jihar Massachusetts, inda ya saba da injina da sinadarai. Wasa da albarushi ne ya raba shi da makarantar Amherst a 1830, bayan wata gobara da ya jawo. Sai uban ya tura shi koyon aikin jirgin ruwa, ya shiga wani jirgi mai suna Corvo zuwa Kalkata ta ƙasar Indiya. A wannan tafiya ce ya sassaƙa samfurin bindigarsa da itace.

Da ya dawo ba shi da jari. Ya shiga yawon garuruwan Amurka da Kanada da sunan Dakta Coult, yana shaƙa wa 'yan kallo iskar nan mai sa dariya ana biyansa. Da kuɗin wannan wasa ya riƙa biyan maƙera, musamman John Pearson na Baltimore, suna mayar masa da itacen ƙarfe. Ya sami takardar mallakar fasaha a Ingila a 1835, sannan a Amurka ranar 25 ga Fabrairu, 1836.

Abin da ya ƙirƙira

Duk wanda ya taɓa ganin mafarauci a ƙasar Talata Mafara, Bakura ko Maradun yana ɗura wa bindigarsa ta gargajiya albarushi ta baki yana dannawa da sanda, to ya ga irin bindigar da duniya ta sani a ƙuruciyar Colt. Harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, kuma sunan da ake mata, harba-ruga, ya faɗi matsalar duka. Maganin da aka daɗe ana nema shi ne ganga mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da ɗurinsa, tana juyawa a bayan bututu ɗaya. Wani Ba'amurke, Elisha Collier, ya yi irinta tun 1818, sai dai da hannu ake juya tata.

A bindigar Colt, idan mai harbi ya ja gudumar da ke bayan bindigar da babban yatsa, wani ɗan ƙarfe yana tura gangar ta juya, wani kuma ya kulle ta daidai lokacin da rami ya fuskanci bututu. Kunamar bindigar aiki ɗaya ya rage mata, sakin gudumar, shi ya sa ake kiran irin wannan tsari mai aiki guda. Wannan kullewa ita ce tushen saitin libarba. In rami ya kauce wa bututu ko da kaurin gashi kaɗan ne, harsashin zai gogi gefe, ya fita a karkace, wani lokacin ma ɓarɓashin dalma ya fantsama ta gefen bindigar.

Libarbar Colt ta farko ba ta amfani da harsashi mai kwanso irin na yau. Ana zuba albarushi a kowane rami ta gaba, a danna dunƙulen dalma, sannan a sa ɗan murfin tartsatsi ta baya.

Faɗuwa da farfaɗowa

Kamfaninsa na farko, a garin Paterson na jihar New Jersey, ya fara aiki a 1836 yana yin bindiga mai harbi biyar. Tana da tsada, ga saurin lalacewa, sojoji kuma ba su saya da yawa ba. Kamfanin ya durƙushe a 1842. Colt ya koma gwajin nakiyoyin ƙarƙashin ruwa, ya kuma yi aikin wayar tangarahu tare da Samuel Morse.

Ashe bindigogin Paterson sun sami masoya a Texas. A 1844 wasu mahaya 'yan kaɗan ƙarƙashin Jack Hays suka yi amfani da su suka rinjayi mayaƙan ƙabilar Comanche da suka ninka su yawa. Ɗaya daga cikin mahayan, Samuel Walker, ya nemo Colt lokacin yaƙin Amurka da Meziko, suka tsara sabuwar bindiga mai harbi shida, gwamnati ta ba da kwangilar guda 1,000 a 1847. Colt ba shi da ko masana'anta a lokacin, sai a masana'antar iyalin Whitney da ke Whitneyville aka ƙera su. Bindigar, wadda aka raɗa wa sunan Walker, ta kai nauyin kilo biyu, kuma gangar da yawa daga cikinsu ta fashe saboda yawan albarushi da raunin ƙarfen zamanin. Walker kansa ya mutu a fagen daga a Meziko cikin Oktoban wannan shekara.

Da ribar kwangilar Colt ya koma Hartford. A 1849 ya ɗauki Elisha Root, gwanin injina, wanda ya tsara aikin yadda injin zai yanka kowane ɓangare da awo ɗaya, har ɓangaren wannan bindiga ya kusa shiga waccan ba tare da doguwar gyara ba. Ya baje kayansa a babban baje kolin Landan na 1851, ya buɗe masana'anta a can wadda ta yi aiki 'yan shekaru, sannan a 1855 ya kammala babbar masana'antarsa a bakin kogin Connecticut, mai shuɗiyar ƙubba, tare da gidajen ma'aikata. Samfuran 1849, 1851 da 1860 sun bazu ko'ina.

Gwanin talla ne ƙwarai. Yakan aika wa sarakuna kyautar bindigogi masu ado da zinariya, ciki har da Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid na Ɗaya, alhali ƙasashen biyu abokan gaba ne. Haka ya ci gaba da sayar wa jihohin kudancin Amurka makamai har dab da ɓarkewar yaƙin basasa a 1861, abin da ya sa jaridun arewa suka zarge shi da cin amana. Da wuya a karanta tarihin cinikinsa a ga inda ya damu da wanda za a harba.

Iyali da mutuwa

Ya auri Elizabeth Jarvis a 1856. Cikin 'ya'yansu, Caldwell kaɗai ya girma. Colt ya mutu a Hartford yana da shekara 47 bayan fama da ciwon gaɓoɓi, ya bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 15. Gobara ta cinye masana'antar a 1864, matarsa ta sa aka sake gina ta.

Bindigar 1873 da batun saiti

Babban kuskuren Colt a harkar ƙira shi ne watsi da shawarar wani ma'aikacinsa, Rollin White, wanda ya kawo tunanin huda ramukan ganga har baya domin a riƙa zura harsashi ta can. White ya bar aikin, ya yi rajistar fasahar a 1855, kamfanin Smith & Wesson ya sami izinin amfani da ita. Dole kamfanin Colt ya jira har wa'adin ya ƙare a 1869. Daga nan injiniyoyinsa William Mason da Charles Richards suka tsara Single Action Army, wadda rundunar sojan Amurka ta karɓa a 1873 ta riƙe har 1892.

Harsashinta, mai suna .45 Colt, an samar da shi ne tare da kamfanin Union Metallic Cartridge. Dalmar ta kai nauyin giram 16 da ɗoriya, a bayanta akwai baƙin albarushi kimanin giram biyu da rabi, bututun samfurin soja kuma inci bakwai da rabi ne. Har yau ana ƙera wannan harsashi.

Yawancin tsofaffin bindigogin da aka yi Colt na raye ba su da ƙarfe a saman ganga. Wani ɗan maƙalli ne ke riƙe bututun, kuma yakan saki da yawan harbi. Tsagar da ake leƙawa a yi saiti ma a jikin gudumar take. Duk da haka suna kai harsashi inda aka nufa a hannun gwani: a 1865, a garin Springfield na jihar Missouri, Wild Bill Hickok ya harbe Davis Tutt daga nisan kimanin yadi 75. Samfurin 1873 ya rufe saman gangar da ƙarfe ɗaya da jikin bindigar, aka yanka tsagar saiti a kansa, bututun kuma aka ɗaure shi da zare irin na kusa. Tunda kunamar aiki ɗaya take yi, taɓawa kaɗan take buƙata, hannu ba ya girgiza sosai lokacin harbi.

Inda matsala ta fi fitowa shi ne awo. Harsashi yana bi ta bakin ramin ganga kafin ya shiga bututu, inda wasu tsagogi masu murɗewa ke kama shi su sa shi juyawa kamar katantanwa, juyawar da ke hana shi kaucewa a iska. In bakin ramin ya fi bututun ƙunci, zai matse dalmar ta rage kauri, ta shiga bututun tana lilo, tsagogin su kasa kama ta sosai. In kuma ya yi faɗi da yawa, harsashin na iya shiga a ɗan karkace. Bututun bindigogin da aka yi kafin yaƙin duniya na biyu yana da faɗin kimanin inci 0.454, na bayan yaƙin kuma wajen 0.451 zuwa 0.452, alhali ramukan ganga ba koyaushe suke bin wannan canji ba. Shi ya sa bindigogi biyu masu suna ɗaya da harsashi ɗaya kan bambanta ƙwarai wajen saiti. Ga shi kuma abin saitin ba ya motsi, sai dai mai ita ya koyi inda take jefa harsashi ya riƙa ragewa ko ƙarawa da ido.

An dakatar da ƙera ta a farkon shekarun 1940, aka dawo da ita a 1956 saboda fina-finan kaboyi sun sa jama'a na nemanta.

Sunan a Hausa

Kalmomin bindiga, albarushi da harsashi duk daga Larabci Hausa ta aro su. Libarba kuwa daga kalmar Turanci revolver ta zo, mai nufin abin da ke juyawa: harafin r na farko ya koma l, v kuma ya koma b tunda Hausa ba ta da wannan sauti. Kamfanin da Colt ya kafa yana nan, kuma tun 2021 yana ƙarƙashin kamfanin CZ na Jamhuriyar Czech.