Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

An haifi Abdu Mumuni a garin Tasawa ran 26 ga watan Yuni, shekara ta 1929, zamanin mulkin mallakar Faransa. Ya yi lakwal ta farko a Damagaram, ya zarce Yamai, sa'an nan aka aike shi makarantar William Ponty a ƙasar Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikatan gwamnati na Afirka ta Yamma. Daga Dakar ya haye zuwa birnin Pari, ya duƙufa ga ilimin fizik da lissafi mai zurfi.

A shekara ta 1956 ya ci gasar agregasiyo, wadda da ita Faransa ke zaɓen manyan malamanta. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci ta a fannin fizik. Gasa ce da ba a cin ta da hadda kaɗai. Ana ba ɗan takara matsala ya warware ta a rubuce cikin awoyi masu yawa, daga baya ya tsaya gaban alƙalai ya ba da darasi a kan allo. Sai wanda ya daɗe yana warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya ke tsallake ta.

Da ya dawo Afirka ya koyar a Dakar. A 1958, lokacin da Gine ta zaɓi 'yanci, Faransa ta janye ma'aikatanta, yana cikin malaman da suka tafi Konakiri don kada makarantu su rufe. Bayan haka ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro sani kan makamashin rana. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali a Bamako, kuma ya sami babban digiri na dokta a Pari a 1967. A 1969 ya komo gida ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, har zuwa 1985. A nan aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da murhunan dafuwa masu aiki da rana.

Waɗannan na'urori daga lissafin aji suka fito, irin wanda ake ba 'yan lise su yi a gida. Ga misali. Da tsakar rana, idan sararin sama ya washe, fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yana samun kamar wat 1,000, wato jul 1,000 na makamashi kowace daƙiƙa. Lita 1 ta ruwa tana bukatar kamar jul 4,200 kafin zafinta ya ƙaru da digiri 1. Daga digiri 30 zuwa 100, inda ruwa ke tafasa, akwai digiri 70. Idan aka ninka 4,200 sau 70, za a sami jul 294,000. A raba su da 1,000, sai a ga daƙiƙa 294, kusan minti 5. Haka abin yake a takarda. A fili kuwa iska tana kwashe wani zafi, tukunya tana zubar da wani, don haka aikin masani shi ne ya auna asarar ya rage ta.

Wata wahalar ita ce ƙarfin rana ba ɗaya ba ne da hantsi da azahar da la'asar. Mai son sanin makamashin yini guda sai ya yanka yinin guntu-guntu, ya lissafa rabon kowane guntu, ya tara su duka. Wannan shi ne lissafin tarawa. Abokinsa lissafin sauyi yana auna gangarar layi mai lanƙwasa a kowane ɗigo, kuma da shi ake tabbatar da cewa madubi mai siffar kasko, wanda ake kira parabol, yana tara hasken rana wuri guda har ya dafa abinci. Niyuton na Ingila da Laibiniz na Jamus ne suka tsara waɗannan hanyoyi biyu a ƙarni na 17. Da su Abdu Mumuni ya yi nazarin maduban da ke tara hasken rana.

Amfanin wannan aiki a bayyane yake ga ƙasa irin Damargu. A Tarka da Balbeji da Tanut ruwan sama kaɗan ne, itacen wuta na wuya, mata na yin doguwar tafiya kafin su haɗa dami guda, rana kuwa tana nan kusan kullum. Kowace tukunya da rana ta dafa, itace ne ya tsira daga gatari.

Bai tsaya ga ɗakin bincike ba. A 1964 ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya soki makarantar mulkin mallaka, ya nemi a koyar da yara cikin harsunan iyayensu, a yaƙi jahilci tsakanin manya, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. A 1979 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, inda ya koyar da fizik.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu, 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Yaron Tarka da ke zaune da dare gaban fitila yana fama da matsalar fizik, ya sani da irinta Abdu Mumuni ya fara. Iyaye kuma, ko ba su gane alamomin da ke cikin kaye ba, su ba yaro lokaci da haske ya gama aikinsa. Allah ya jiƙan malam, ya sa ilminsa ya ci gaba da amfanar jama'a.